Teburin umarni: yadda dibaga ke gane abin da ka rubuta mata

Ɗauki ɗalibin infomatik a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko matashin da ke rubuta wa wani ɗan kasuwar Maraɗi ƴar manhajar lissafin buhunan gero da wake. Jimillar kuɗi ta fito da giɓin jaka uku, ya duba layukansa har idonsa ya gaji. Sai ya buɗe dibagar GDB, ya rubuta `b jimilla`, ya rubuta `r`, ya rubuta `n`, ya danna Enter sau huɗu ba tare da ya rubuta komai ba, sannan `p adadi`. Haruffan da ya buga ba su kai ashirin ba, amma shirin ya tsaya inda ya so, ya taka layi biyar, ya nuna masa abin da ke cikin bariyabul ɗin.

Dibaga ita ce manhajar da ake farautar kuskure da ita a cikin wata manhajar. Sashenta da ke karɓar layin da ka rubuta, ya gane wane umarni kake nufi, ya ware abin da ya biyo bayan umarnin, ya miƙa wa mai aikin, shi muke kira tafinta a nan. Masu koyo sukan ɗauke shi a matsayin ƙaramin aiki da za a gama a yini guda kafin a shiga maganar `ptrace`, hanyar da dibaga ke sarrafa shirin da take bincika, da rajistocin na'ura. Amma yawancin ciwon kan da ke zuwa daga baya daga nan yake tasowa, domin an bar sanin halin kowane umarni a warwatse cikin kod, maimakon a tattara shi cikin tsarin bayanai guda.

Farkon abin da kowa ke rubutawa shi ne jerin `if` da `strcmp`: in layin `break` ne yi kaza, in `step` ne yi kaza. Da umarni takwas wannan yana tafiya lafiya lau. Ranar da aka ce a ƙara `help`, sai ka rubuta jerin sunaye na biyu. Aka ce Tab ya riƙa cika suna, jeri na uku. Aka ce a karɓi gajeren suna, na huɗu. Bayan wata biyu sai ka tarar da umarnin da ke aiki amma `help` bai san da shi ba, da wani da Tab ke cikawa alhali an cire shi tuni. Maganin shi ne kowane umarni ya zama rijista guda a cikin teburi, kowa ya riƙa ɗiba daga wannan teburin. A harshen C zai iya zama haka:

```c
struct umarni {
    const char *suna;
    const char *bayani;
    int (*maaikaci)(struct zama *, struct kira *);
    void (*mai_cikawa)(struct zama *, const char *);
    struct umarni *rassa;
    struct umarni *asali;
    enum zubi zubi;
    unsigned tutoci;
};
```

`suna` da `bayani` ba sa buƙatar dogon sharhi, sai dai a kiyaye al'ada guda: layin farko na bayani ya tsaya da ƙafarsa, don shi za a nuna a jerin taimako. `maaikaci` manuni ne zuwa fankishin ɗin da ke yin aikin. `mai_cikawa` shi ke sanin abin da Tab zai kawo bayan sunan umarni, sunayen fankishin ga `break`, sunayen fayil ga `source`. Sauran huɗun su ne inda maganar take. A na'ura mai bit 64 wannan rijista bayit 56 ce, manunai shida da lambobi biyu, wato umarni 100 bayit 5,600 ke nan. Kada tsimin memori ya sa ka matse ta.

Manyan dibagogi duk haka suka yi, kowace da salonta. GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, tana da `cmd_list_element`, sarƙa ce da ake jera ta bisa haruffa, ana ƙara mata da `add_cmd` da `add_prefix_cmd`. LLDB ta mai da kowane umarni `CommandObject`, ta jera su suna sannan aiki, kamar `breakpoint set` da `memory read`. Ita kuwa pdb ta Python ta bar harshen ya riƙe mata teburin: duk fankishin da sunansa ya fara da `do_` umarni ne.

Yanzu neman suna. Mutumin da ke gaban dibaga yana sauri ne, ba zai rubuta `continue` sau ɗari ba, don haka dole a karɓi farkon suna. Ƙa'idojin uku ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Da farko, sunan da ya dace cif shi ke da nasara nan take. In ba a sa wannan a gaba ba, `step` ba zai taɓa aiki ba, tunda shi ma farkon `stepi` ne, tafinta zai ce bai san wanne ake nufi ba. Na biyu, in babu dacewa cif amma suna ɗaya tak ya fara da waɗannan haruffa, shi ne. Na uku, in sun fi ɗaya, a ƙi, a lissafo su duka ga mai rubutu ya zaɓa. Kada tafinta ya ɗauki na farko a jeri ya wuce. Wanda ya rubuta `de` yana iya nufin `delete`, ko `detach`, ko `define`, kuma canki-canki a tsakanin waɗannan ɓarna ce.

To ta yaya `s` ke aiki, alhali `set`, `show`, `start` da `step` duk da shi suka fara? Laƙabi ne. Ana saka wata rijista mai suna `s` wadda filin `asali` ɗinta ke nuna `step`, sai ƙa'ida ta farko ta kama ta. Haka `n`, `c`, `b`, `p`, `bt` suke. Laƙabi ya zama manuni zuwa asalin, kada a kwafi rijistar, domin in an gyara tutar `step` gobe, kwafin zai ci gaba da tsohon hali ba wanda ya sani. A kuma sa masa tutar da za ta ɓoye shi daga jerin Tab, in ba haka ba jerin zai cika da ƴan haruffa ɗai-ɗai.

Akwai wani abu da ba a cika hangowa ba. Duk sabon umarnin da ka ƙara yana iya kashe gajeren sunan da mutane suka saba da shi. Yau `fi` yana kai ka ga `finish` don shi kaɗai ne. Gobe ka ƙara `file` da `find`, sai fayilolin umarni da mutane suka adana su fara faɗuwa. Shi ya sa gajerun sunayen da hannu ya saba da su ake kafe su a matsayin laƙabi tun farko, a fayil kuwa a shawarci mutane su rubuta cikakken suna.

Game da wane irin ma'aji za a zuba teburin, ra'ayinmu a fili yake: jeri mai bin haruffa ya isa. Teburin hash yana da sauri wajen neman cikakken suna, amma bai san maƙwabtaka ba, ba zai iya gaya maka duk sunayen da suka fara da `de` ba sai ya zagaye gidan duka. A jeri mai tsari kuwa suna zaune kusa da juna. Kwatanta suna 200 ɗaya bayan ɗaya ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido, kuma sau ɗaya ake yi a duk layin da ɗan Adam ya buga. Abin da ya fi dacewa ka kashe lokaci a kai shi ne ɗan bincike da zai gudana lokacin tashin dibaga: babu suna biyu iri ɗaya, babu laƙabin da ke nuna laƙabi, babu rijistar da ba ta da ma'aikaci kuma ba ta da rassa, in ba laƙabi ba.

Filin `rassa` shi ke mai da teburin bishiya. `info` da kansa ba ya yin komai sosai, ƙofa ce zuwa `info breakpoints`, `info registers`, `info frame`. Tafinta ya samo kalmar farko, in tana da rassa ya ɗauki kalma ta biyu ya sake nema a cikinsu da ƙa'idojin nan uku, har `set print pretty on` mai hawa uku. Fankishin guda ne ke kiran kansa.

Matsalar tana ga umarnin da ke da rassa kuma yana karɓar abin da ba reshe ba. `delete 2` da `delete display 2` duk halal ne, don haka akwai tutar da ke cewa in kalma ta biyu ba reshe ba ce, a miƙa ta ga uban. A `set` na GDB wannan sassauci ya haifi tarko, littafin jagorarta da kansa ya kawo misalin: kana da bariyabul mai suna `g`, ka rubuta `set g=4`, sai tafinta ya ga `g` farkon `gnutarget` ne, ya sauya wani saitin dibaga, bariyabul ɗinka yana nan yadda yake. Mai suna `width` ma haka, ya ci karo da saitin faɗin allo. Shi ya sa ake rubuta `set var g=4`. Idan sabuwar dibaga kake ginawa, kada ka gaji wannan. Sunayen da mai shiri ya raɗa wa bariyabul ɗinsa da sunayen saitinka kada su taɓa zama a ƙofa ɗaya.

Mu dawo kan Enter ɗin nan huɗu da ɗalibin ya danna. Layi marar komai yana maimaita umarnin baya, kuma wannan na cikin abubuwan da ke sa aiki da dibaga ya yi daɗi. Amma ba kowane umarni ya kamata ya maimaitu ba. `run` in ya maimaitu zai sake tada shirin daga farko, ka rasa wurin da ka sha wahala kafin ka kai. `Attach` da `delete` ma haka. GDB ta bar wa ma'aikacin kowane irin wannan umarni ya kira `dont_repeat` da kansa. Mun fi son a sa shi a teburi, inda ido zai gan shi, don wanda ya rubuta sabon ma'aikaci yana iya mantawa. Kuma hali uku ne, tutar e ko a'a ba ta isa ba: akwai mai maimaituwa yadda yake, kamar `next`, akwai wanda ba ya maimaituwa, akwai mai ci gaba daga inda ya tsaya, kamar `list` da ke kawo layuka goma na gaba, da `x` mai nuna memori, da ke ɗorawa daga adireshin da ya biyo baya. Wanda ba a ce komai a kansa ba, ya faɗa cikin marasa maimaituwa.

Wata tutar ita ce ta buƙatar shiri mai rai. `step`, `finish` da `continue` ba su da ma'ana in babu shirin da ke tsaye. In aka bar wa kowane ma'aikaci ya duba da kansa, wata rana ɗaya zai manta, ya kira `ptrace` da lambar shirin da ya riga ya mutu. Tafinta ya duba sau ɗaya kafin ya kira kowa, saƙon kuskuren ma ya zama iri ɗaya ko'ina.

Sai ƴan rakiya, wato abin da ke bin sunan umarni. A nan ake buƙatar tsari na biyu, `struct kira`, dabam da na farko. Rijistar umarni tana bayyana yadda `delete` yake har abada. Kira yana ɗauke da abin da aka rubuta yanzu: manuni zuwa rijistar, ƴan rakiyar da aka riga aka tantance, da alamar ko daga hannun mutum layin ya fito ko daga fayil. Wannan alama ta ƙarshe GDB na kiran ta `from_tty`, da ita ake sanin ko akwai wanda ke zaune gaban allo da za a yi wa ƙarin bayani.

Filin `zubi` shi ke gaya wa tafinta yadda zai yanka ƴan rakiya. Wasu umarnan lambobi suke so, `disable 1-3`. Wasu wuri suke so, `break kasuwa.c:42`. Wasu kuwa ba a taɓa su ko kaɗan: `print a - b` lissafi ne na harshen shirin, in tafinta ya yanka shi a kan sarari ko ya ɗauki `-` a matsayin zaɓi, ya lalace. Irin wannan ɗanye ake miƙa shi. LLDB ta warware rikicin da `--`, abin da ya gabace shi zaɓi ne, abin da ya biyo baya lissafi. Akwai kuma harafin tsari da ke manne da suna, `x/4xw` ko `print/x`, wanda ke nufin mai yanka suna dole ya tsaya a kan `/` kamar yadda yake tsayawa a kan sarari. Abu uku ke ciki: adadi, salon nuni, da girma, inda `b` bayit 1 ne, `h` 2, `w` 4, `g` 8. A ba su ƙaramin tsari nasu, a adana na ƙarshe a cikin `zama`, tsarin da ke riƙe halin da dibaga take ciki, don `x` na gaba ya gaji salon.

Kowane ɗan rakiya da aka tantance a riƙe shi da alamar irinsa tare da `union`: lamba ce, zango ne, wuri ne, ko rubutu. Ga dalilin da ya sa muka dage a kan wannan, kuma ya shafe mu nan Nijar kai tsaye. Yawancin kwamfutocinmu allon AZERTY gare su, inda sai ka riƙe Shift lambobin layin sama ke fitowa. Mutum ya so rubuta `delete 2`, yatsa ya kuskure Shift, abin da ya shiga shi ne `delete é`. In ma'aikacin da `atoi` yake karanta lamba, zai sami 0 ba tare da wani ƙorafi ba. In kuma mai tsarin ya ce 0 na nufin ba a ba da lamba ba, a share duka, to shingaye goma sha da mutum ya kafa tun safe, wato wuraren da `break` ke tsayar da shiri, sun tafi. A yi amfani da `strtol`, a duba cewa ya cinye rubutun har ƙarshe, a duba `errno`, kuma rashin ɗan rakiya ya zama hali nasa na kansa, kada wata lamba ta wakilce shi.

Wannan `é` ɗin yana da wata ɓarnar. A UTF-8 bayit biyu ne, 0xC3 da 0xA9, kuma a x86 `char` yakan ɗauki alamar ragi, sai su zama lambobi ƙasa da sifili. Miƙa irinsu ga `isalpha` ko `isspace` kai tsaye abu ne da ƙa'idar C ba ta lamunce ba. A mai da su `unsigned char` tukuna. Wanda ke son laƙuban Hausa, `tsaya`, `taka`, `duba`, zai iya, teburin ba ruwansa. Amma da zarar ƙ ta shigo, ita ma bayit biyu ce, 0xC6 0x99, kuma daidaita ginshiƙan `help` da `strlen` zai karkace.

Tambayar da za ka yi wa kowane manuni a waɗannan tsare-tsare ita ce: wa ke da wannan rubutun, kuma yaushe zai mutu? Layin da aka karanto yana zaune a wuri guda da za a sake cikawa ko a saki bayan an gama. `strtok` kuma yana huda layin da sifili a duk inda ya yanka, don haka in ka adana shi don maimaitawa bayan yanka, kalmar farko kaɗai za ka samu. A kwafi layin kafin a taɓa shi. Mafi muni shi ne `break jimilla if adadi > 50`: in shingen ya riƙe manuni zuwa cikin layin maimakon kwafin sharaɗin, zai yi aiki daidai har sai an rubuta umarni na gaba, daga nan sharaɗin ya koma wani guntun rubutu. Irin wannan kuskure ba ya nuna kansa a gwajin farko.

Tsari na uku shi ne abin da umarni ke bari a baya, kuma shinge ne babbansu. Kamar shingen kan hanyar Dan Issa yake, duk motar da ta iso sai ta tsaya a duba ta. Rijistarsa tana da lamba, wurin kamar yadda mutum ya rubuta shi, sharaɗi, sau nawa aka tsaya, sau nawa za a bari a wuce, ko a kunne yake, ko na sau ɗaya ne irin na `tbreak`. Lambar ba a sake ba wani ita bayan an share, kuma kada ta zama matsayinsa a jeri, in ba haka ba share na 2 zai mai da na 3 ya zama na 2, mutum ya kashe wanda bai yi niyya ba.

Shinge dabam, adireshi dabam. Fankishin da aka shigar cikin wurare da yawa lokacin harhaɗawa yana da adireshi da yawa, shi ya sa GDB ke nuna 1.1 da 1.2 a ƙarƙashin shinge na 1. Akasin haka ma yana faruwa, shinge biyu a adireshi ɗaya. A x86 ana kafa shinge ne ta hanyar ɗauke bayit ɗaya na shirin a sa 0xCC, umarnin da ke tsayar da shiri, a gurbinsa, a adana na asalin. In kowane shinge ke adana nasa, na biyu zai karanto 0xCC ɗin na farko ya ɗauka shi ne asali, ranar da aka cire su ya mayar da 0xCC, shirin ya riƙa tsayawa a wurin da babu shinge a jeri. Bayit ɗin asali na adireshi ne, a riƙe shi a teburi nasa tare da ƙidayar masu amfani da shi. Umarnin `x` ma ya bi ta wannan teburin, don ya nuna wa mutum bayit ɗin gaskiya.

A ƙarshe akwai umarnan da ke ɗauke da wasu umarnan a cikinsu: `commands` da ke rataya wa shinge jerin abin da za a yi in an tsaya, `define` da ke ƙirƙiro sabon umarni, da `if` da `while` a cikinsu, kowanne ya rufe da `end`. Waɗannan bishiya ake adana su: kowane kulli yana da rubutun layin, irinsa, na gaba da shi, da jiki ɗaya ko biyu, na biyun don `else`. Rubutun ake ajiyewa, a fassara shi lokacin gudu, tunda bariyabul ɗin da aka ambata wataƙila bai wanzu ba lokacin da ake rubutawa. Umarnin da aka ƙirƙira da `define` yana iya kiran kansa, don haka a sa iyakar zurfi. Ta GDB 1024 ce in ba a sauya ba. In `continue` ya zo a tsakiyar jerin shinge, GDB tana watsar da abin da ya rage, domin shirin na iya tsayawa a wani shingen mai nasa jerin.

Wurin da ya fi kama mutane shi ne shingen da jerinsa ke ɗauke da `delete` na kansa. Tafinta yana tsaye a kulli na biyu, ma'aikacin `delete` ya saki shingen da bishiyarsa duka, tafinta ya juyo neman kulli na uku a memorin da aka riga aka mayar. Hanya biyu ce. Ko bishiyar ta kasance da ƙidayar masu riƙe da ita, tafinta ya ƙara ɗaya kafin ya fara, ya rage bayan ya gama, wanda shi ne abin da GDB ke yi da `counted_command_line`. Ko `delete` ya sa wa shingen alamar mutuwa kawai, a share shi bayan tafinta ya dawo bakin layi. Wannan ƙa'ida ta shafi `define` da ke sake fasalta umarnin da ke cikin gudu, da laƙabin da aka share asalinsa. Ka rubuta waɗannan ukun a fayil ɗin gwaji, ka gudanar da su ƙarƙashin Valgrind ko AddressSanitizer, masu gano kuskuren memori, domin ba tare da su ba memorin da aka saki yakan riƙe tsohon abin da ke cikinsa na ɗan lokaci, gwajin ya wuce lafiya alhali kuskuren yana nan.